Gyaɗar Iri da Sawun Kofato

Ni dai tun tasowata ban taɓa son labarin da za a yi ta kallon juna ana murmushi har littafi ya ƙare ba. Ƙawayena a makaranta suna rububin littattafan soyayya, ni kuwa a ba ni wanda aka tsinci gawa tun a shafin farko. A ba ni gidan da ake jin kuka a rijiyarsa, a ba ni ɗakin da aka kulle ta ciki amma aka shiga aka yi ta'asa aka fita. In na samu irin wannan, tuwo ya ƙone ko akuya ta afka wa shanya, duk ba ruwana. Inna, mahaifiyata, ta sha cewa wata rana aljanin da nake nema zai amsa mini sallama. Ni kuma nakan ce ya zo mana, dama ina da tambayoyin da zan yi masa.

Gidanmu yana wani ƙauye cikin gonaki, ba nisa da Ɗanbatta. Babban gida ne mai sashe biyu, namu da na wan Baba, tsakar gida ɗaya, da darbejiya a tsakiya. Baba malami ne, yana koyar da yaran unguwa Alƙur'ani a zaure, in damina ta faɗi ya ɗauki fartanya kamar kowa. Bai yi boko ba, ko sunansa da ajami yake rubutawa. Littattafaina kuwa sunansu ɗaya a wurinsa, takardun ƙarya. Bai taɓa hana ni kai tsaye ba, amma in ya gan ni da ɗaya sai ya yi wani gyaran murya da gara a ce ya zage ni. Saboda haka nakan kauce wa idonsa. Yana kuma da wata ɗabi'a da duk garin aka san shi da ita: ba ya iya wuce takarda mai rubutun Larabci a ƙasa. Ko yagen kalanda ne, ko takardar da aka ƙunso ƙosai a ciki, sai ya duƙa ya ɗauka, ya kaɗe ta, ya kai wata tsohuwar tukunya da ke kusurwar zaure. In sun taru ya ƙona su, ya binne tokar a gindin katanga inda ƙafa ba ta takawa.

A shekarar da na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, wan Baba ya rasu bayan doguwar jinya. Matarsa, wadda muke kira Iya, ta shiga takaba.

Sai wanda ya san Iya kafin nan zai gane abin da ya same mu. Ita ce bakin gidan. Tun daga ƙofar gari ana jiyo dariyarta. An kawo ta amarya Baba yana ɗan ƙaramin yaro, kuma ba ta taɓa bari ya manta ba. Wasan da ke tsakanin matar wa da ƙanen miji ta riƙe shi har tsufa. Mutumin da manya ke cire takalmi su durƙusa su gaishe shi, ita sai ta leƙo ta ce ina mai majina, ta ba baƙi labarin yadda take share masa hanci da bakin zanenta. Baba ya ce ai tuwonta na amarci ne ya sa shi murar, ita ta ce ƙarya ba ta dace da rawani ba. Haka muka tashi muka gan su.

Da aka yi rasuwar, duk wannan ya ɗauke. Ba ta yi kuka ba, ko ranar da aka fita da shi. 'Ya'yanta suka zo daga birni, aka yi sadakar bakwai suka koma bakin aikinsu, ita kuma ta shige ɗaki ta saki labule. In an gaishe ta sai ta ɗaga hannu. Kwanon abinci yakan shiga a rufe ya fito a rufe. Baba yakan tsaya a ƙofarta da safe ya ce, Yaya, an tashi lafiya, ta amsa da alhamdulillahi ba ƙari, ya ɗan jira ko za a tsokane shi, sannan ya juya. Na ga wuyan hannunta wata rana tana alwala, na tsorata. Inna ta gaya mini a madafa cewa ta taɓa ganin tsohuwar da ta yi irin wannan shirun bayan mijinta, kuma ba ta kai ƙarshen takabarta ba.

Bazara ce, ana shirin shuka, lokacin ɓarar gyaɗar iri. Ita gyaɗar iri ba a kai ta inji, don inji yana fasa ƙwayar, da hannu ake bi ɗaya bayan ɗaya. Bayan azahar Inna takan shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin darbejiya, tsakanin ƙofar ɗakin Iya da bayan zaure inda wata 'yar taga take can sama, maƙwabtanmu mata biyu su shigo da faifansu, a zazzage buhu a hau aiki. Ni kuwa ba aikin da na tsana kamarsa. Babban yatsa ya yi ta zafi, ƙasa ta cika farce, ga buhun ba ya raguwa. Sai na kawo shawara: su yi ta ɓara, ni in karanta musu labari. Inna ta ce lalaci ne ya samu lauya, amma ta yarda.

Littafin da ke hannuna a lokacin a kasuwar Ɗanbatta na samo shi, wurin wani mai littattafai da ke baza hajarsa a tabarma kusa da masu atamfa. Kashi uku ne, yadda aka saba buga su, ni kuma na ɗaya kawai nake da shi. Labarin wani attajirin ɗan kasuwar hatsi ne da aka tsinci gawarsa a cikin sitonsa, ƙofa a kulle ta ciki, makulli a aljihunsa. A kan dusar da ta zube a ƙasa ga sawun kofato, ya zagaye gawar ya nufi bango ya ɓace. A gidan mamacin kuma akwai tsohuwar rijiya da ake jin kukan mace a cikinta. Duk gari suka ce aljana ce, ya yi alkawari da ita don ya yi arziki, bai cika ba. Mutum ɗaya ce ta ƙi yarda, wata 'yar sanda mai taurin kai irin nawa.

Kai, ranar farko ba zan manta da ita ba. Ina karatu ina canza murya, in yi ta 'yar sanda a dake, in yi ta mai gadin siton yana rawar baki. Da na zo wurin da aka haska tocila aka ga sawun, sai na lura ƙarar ɓawo ta tsaya. Na ɗago, mata uku sun saki baki, gyaɗa a hannu. Ɗaya maƙwabciyar ta janye ƙafarta daga bakin tabarma ta naɗe, tana a'uzubillahi, da rana tsaka, kaji suna kiwo a gabanta. Na ce in ta ji tsoro in daina. Ta ce in na daina ba za ta yafe mini ba.

Abin da nake so ke nan a irin wannan labarin. Gabanka yana faɗuwa, tsigar jikinka tana tashi, amma kana kan tabarmar gidanku, uwarka tana kusa. Kuma marubucin ba ya barinka ka zauna haka kawai, aiki yake ba ka. Duk wanda ya shigo sai ka dube shi da kyau, me ya sa ya ce yana kasuwa alhali takalminsa da dusa, me ya sa wancan ya ƙi haɗa ido. Kafin mu ci rabin littafi tsakar gidanmu ta zama ofishin 'yan sanda. Inna ta kafe a kan direban mamacin, wai duk mai yawan ladabi haka a bincike shi. Maƙwabtan biyu suka ce a bar wahalar da kai, aljanar ce. Ni na zargi ƙanen mamacin, sannan na koma kan mai gadi, sannan na dawo.

Wata rana na kai wurin zaman makoki a cikin labarin. Aminin mamacin, abokin cinikinsa tun ƙuruciya, ya shigo ya faɗi yana birgima, yana kiran sunansa, sai da maza suka riƙe shi. Na karanta wurin da iya ƙarfina, har maƙwabciyar nan ta share ido ta ce Allah sarki, aminci ya yi. Sai muka ji murya daga bayan labule, a dishe, kamar ta wanda ya daɗe bai yi magana ba.

"Shi ne."

Muka dubi juna. Inna ta ce, Iya, magana kike?

"Na ce shi ya kashe shi. Wanda aka yi wa rashi na gaske ba ya samun ƙarfin yin wannan birgimar."

Wallahi sai da littafin ya kusa suɓuce mini. Inna ta yi mini ido alamar in ci gaba, kada in kuskura in mai da abin wani abu. Na ci gaba da karatu.

Washegari aka ɗage labulen. Bayan nan Iya ta fito ta zauna a dokin ƙofa, cikin tsohon zanenta na takaba, ba kwalli ba komai, ta ce wai iska take sha. Ba a jima ba ta ce a miƙo mata faifai, ba ta iya kallon yadda muke fasa irin mutane. Daga nan musu ya kankama tsakaninta da Inna, direba ko amini. Iya tana riƙe da komai a ka. In na yi tuntuɓe na tsallake layi sai ta ce koma baya, jiya ba haka mai gadin ya faɗa ba. Inna kuwa ta gano dabara. In labari ya kai inda numfashi ke tsayawa, sai ta tura kwanon dambu ko fura kusa da gwiwar Iya ba tare da ta ce komai ba. Hannun Iya ya je ya dawo, ya je ya dawo, idonta a kan bakina. Ranar da aka ga kwanon ya koma madafa wayam, Inna ta tsaya a kansa tana hamdala a hankali.

Na daɗe ina tunanin me ya jawo ta, ita da ba ta taɓa kula littattafaina ba. Abin da na fahimta shi ne, mijinta ciwo ne ya ci shi a hankali, ba wanda za ta nuna ta ce kai ne. A cikin littafin kuwa mutuwa tana da mai ita, yana yawo da ƙafa biyu, kuma an yi mata alkawarin za a kama shi. Tana so ta ga an kama shi, kuma don haka take tashi da safe.

Marubucin kuwa mugu ne na gaske, Allah ya saka masa da alheri. Ya yanke littafi na ɗaya daidai lokacin da aka sake ganin sawun a ƙofar 'yar sandar. Na biyu, da na sayo ranar kasuwa, ya yanke shi tana rataye da igiya a tsakiyar rijiya, tocilarta ta mutu, kukan yana matsowa. Iya ta ce wannan yaron ba shi da tsoron Allah. Sai da muka jira ranar kasuwa, kuma kullum sai ta tambaye ni yau wace rana. Da na je, mai littattafan ya tono mini na uku daga ƙasan buhu, ya ce na yi sa'a, shi kaɗai ya rage masa, an daina buga shi tun da mutane suka koma karatu a waya. Ya sha hannu, ƙusar da ta riƙe tsakiyarsa ta yi tsatsa, bangon da takardun da ke bin sa suna lilo. Na dawo da shi a ƙirjina a cikin mota ban buɗe ƙarshen ba. Ni a wurina leƙa ƙarshen labari cin amana ne, kuma Iya ta riga ta sa na yi mata alkawari.

Muka cinye shi da zafinsa. 'Yar sanda ta fito daga rijiya da rai. Aka kawo wani malami a cikin labarin ya yi addu'a a bakin rijiyar, marubucin kuma ya buga ayoyin da Larabci, layi-layi, daga nan har zuwa ƙarshe. Sai ga ranar da muka kai inda 'yar sanda ta tara kowa a cikin siton, direba da amini da ƙane da mai gadi, ta rufe ƙofa, ta ce wanda ya yi wannan aiki yana cikin ɗakin nan. Iya ta ajiye faifai. A daidai nan ladan ya kira la'asar.

Na so in ƙarasa, Inna ta ce ko aljanar ce da kanta sai ta jira a yi salla. Na tura littafin ƙarƙashin faifai muka watse. Muna cikin salla na ji iskar nan ta gaban damina ta taso, mai kwashe kwanuka da shanya. Da na sallame na fito a guje. Faifan ya kife can gefe, littafin yana nan cikin ɓawon gyaɗa, amma tsirara. Bangon ya tafi, da takardun farko, da na ƙarshe. Shafin da ya rage a baya ya tsaya a kan 'yar sanda tana ɗaga hannu za ta nuna.

Ba inda ba mu duba ba. Turken awaki, bayan rumbu, kan katanga, cikin randa, har gonar bayan gida na bi kunya-kunya. Maƙwabciyar nan mai tsoro ta ce ita dama ta san za a yi haka, an yi ta ambaton mutanen ɓoye da rana tsaka, ga shi sun zo sun karɓe sirrinsu. Ta tattara faifanta ta ce ba za ta ƙara zama a ƙarƙashin bishiyar nan ba. Da a wani lokacin ne, da na yi dariya har na faɗi. Amma na juya na ga Iya ta tashi tana kaɗe zaninta. Ta ce ba komai, dama haka abubuwa suke yi, sai an kusa sannan a ɗauke. Ta shiga ta saki labule.

Kwanon dare ya dawo a rufe. Na safe ma haka.

Inna ta ce in ƙago ƙarshen mana, tunda kaina cike yake da irin wannan shirgin. Na zauna a ƙofar Iya da guntun littafin, na fara zuba, na ba aminin laifi yadda take so. Ban yi nisa ba ta ce daga ciki, 'yar nan, ba na jin kina juya takarda. Na ajiye guntun littafin. Ta ce ita ba yarinya ba ce da za a lallasa da alewa, in je in huta. Na tashi ina jin haushin kaina, da iskar, da tsatsar ƙusa, da marubucin da ya rasa inda zai sa sunan mugu sai a takardar ƙarshe.

Inna ce ta warware abin, tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Ta tambaye ni ko akwai aya a cikin takardun da suka ɓata. Na ce akwai, da yawa ma. Ta ce to a bar zargin aljanu, in je in duba tukunyar zaure.

Na je. Toka ce a ciki, sai wani ɗan guntun bango mai launin ja da bai gama ci ba. Baba yana zaune a kan buzunsa yana fiƙe alƙalami. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na manta da gyaran muryarsa. Na durƙusa dai, amma maganar da ta fito ba ta durƙusa ba. Na ce takarduna ne, ƙarshen labari ne, kuma babu wani a kasuwa. Ya ce ya fito zai tafi masallaci ya ga ayoyin Allah suna yawo a ƙasa cikin kashin awaki, me nake so ya yi, ya tsallake? Ya ce laifin na wanda ya buga aya a takardar ƙarya ne, da wadda ta ajiye ta a ƙasa. Gaskiyarsa ce, kuma ita ta fi ƙona mini rai. Sai na faɗi abin da ya kawo ni.

"Baba, kwanon Iya yau ma a rufe ya dawo."

Wuƙar ta tsaya a kan alƙalamin. Bai dube ni ba. Can ya ce in tashi in je, Inna tana nemana, alhali ba wanda ya kira ni.

Kwanakin da suka biyo ba su da daɗin faɗa. Muka ci gaba da ɓara shiru, ba karatu ba musu. Ni ba a barina in je birni ni kaɗai, kuma ko an bar ni ban san inda zan dosa ba. Iya ta koma ɗaga hannu in an gaishe ta.

Ranar kasuwa Baba ya sallami yara da wuri, ya sa babbar riga, ya ce zai je ya ji yadda taki yake. Azahar ta yi bai dawo ba. Inna ta fara leƙe, don shi ba mai daɗewa a kasuwa ba ne. Sai bayan la'asar muka ji sallamarsa. Ya shigo har tsakar gida, abin da ba ya yi in akwai matan maƙwabta, rigarsa ta yi yaushi, ba taki ba alamarsa. Ya sa hannu a aljihu ya ciro wani abu a baƙar leda ya ajiye a cinyata. Ya ce wannan a cinya ake riƙe shi, in ya sake ganinsa a ƙasa ni da shi ne.

Na buɗe. Jan bango, sabo fil, na uku. Na yi wani ihu da ban san ina da shi ba, kaji suka watse. Inna ta dafe ƙirji. Baba ya juya zai koma zaure da sauri, sai labule ya motsa.

"Malam, tsaya."

Iya ce a dokin ƙofa, tana dafe da bango. Ta dubi littafin, ta dube shi, irin kallon da 'yar sandar nan take yi wa mutane.

"Kai ba ka karatun boko."

Baba ya ce haka ne, Yaya.

"Bangon kuma, mai sunan, ka ƙona shi. Yarinyar nan ba ta gaya maka sunan ba, ina ji da kunnena ba ta kai nan ba. To da me ka tambaya aka ba ka?"

Baba ya gyara hula. Ya dubi darbejiya, ya dubi awaki. Iya ta ɗaga kai a hankali ta dubi 'yar tagar nan ta bayan zaure, wadda ke daidai saman tabarmarmu. Muka bi ta da ido, mu duka. Sai kafaɗunta suka fara rawa, sannan dariyar ta fito, tsohuwar dariyar nan da ake ji daga ƙofar gari, ta dishe amma ita ce.

"Ashe kana maƙale a bayan taga tun farko, mai majina."

Daga baya mai littattafan ya ba ni sauran labarin, yana yi yana riƙe ciki. Ya ce ya ga Malam ya zagaya tabarmarsa ya wuce, ya sake dawowa, sannan ya tsuguna ya ce yana neman wata takarda amma bai san sunanta ba. Aka ce ta me ce ce. Sai Malam ya fara, tun daga gawa a sito da makulli a aljihu, da sawun kofato a kan dusa, da abin da mai gadi ya faɗa da farko da yadda ya canza daga baya. Masu atamfa suka bar rumfunansu suka zagaye shi. Da mai littattafan ya ce ai a rijiya aka sami makullin, Malam ya gyara masa, ya ce a'a, igiya aka samu a rijiya. Da ya ji babu saura a nan, ya sa aka yi masa kwatancen masu sayar da littattafai a birni, ya hau mota. Mutumin da ya tsani hayaniyar Kano, ya je can ya sake ba da labarin daga farko a rumfar da bai san kowa ba.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, Iya ta zauna a tabarma ta ce a karanta kafin magariba. Baba ya ce shi zai koma, yana da aiki. Ta ce ya zauna nan inda ake ganinsa, ya daina sata ta taga. Ya kifa turmi ya zauna a ɗan nesa, ya ɗebi gyaɗa a hannu don kada a ce zaman banza yake. Aka aika aka kira mai tsoron nan, ta zo da mayafi a karkace.

Na nemo wurin. 'Yar sanda ta ɗaga hannu. Na ja numfashi da gangan, na dube su ɗaya bayan ɗaya, sai da Inna ta ce za ta jefe ni da faifai. Hannun ya wuce direba, ya wuce ƙane, ya wuce mai gadi, ya tsaya a kan amini. Busasshen kofaton saniya ya samo a wurin mahauta ya buga sawun da shi, ya shiga ta rufin sito da igiya ya fita ta nan. Inna ta ce kai, amma direban ma ba ta yarda da shi ba har gobe. Kukan rijiya kuwa, marubucin ya ce bayan an kama amini ma ba a daina jinsa ba, sai da aka yi addu'a aka rufe bakinta. Maƙwabciyarmu ta ce to kun gani, ta sake naɗe ƙafa.

Iya ta bugi cinyarta ta ce ba ta faɗa ba, tun ranar birgimar ta faɗa. Fuskarta ta yi haske kamar wadda aka yi wa albishir. Ta juya wajen Baba.

"Da yayanka yana nan, da direban zai ce. Bai taɓa gane mugun mutum ba, shi kowa na kirki ne a wurinsa."

Tun da aka fita da shi ba ta ambace shi ba sai a wannan lokacin. Tana cikin dariyar hawaye suka zubo, ba ihu, ba birgima, suna bin kumatunta suna ɗiga a kan gyaɗar da ke cinyarta. Ba wanda ya ce ta yi haƙuri. Baba ya sunkuyar da kai yana murza ɓawo ɗaya a hannu, ya ce haka yake, Yaya, haka yake. Muka zauna da ita har ta gama.

Sannan ta share fuska da bakin zanenta, ta ce wa Inna ko akwai sauran dambun rana, a ɗumamo mata.